Faifan bai mutu ba: Yadda ake lalubo fim ɗin da ya ɓuya a cikin tsohon DVD

A hutun Babbar Sallar da ta gabata ne wata gwaggona ta miƙo mani wani faifai naɗe a cikin leda, ta ce in duba mata shi idan na koma Abuja, tunda ni ne mai aiki da kwamfuta. Faifan na walimar saukar Alƙur'anin ɗanta ne, an ɗauke shi shekara 15 da suka wuce, kuma a cikinsa ne kaɗai ake da muryar marigayi mijinta da hotonsa mai motsi. Na'urar DVD ta gidan ta daɗe da lalacewa. Yara sun gwada faifan a laftof har sau uku, amma abin da ke fitowa kawai shi ne tambarin mai ɗaukar hoton, yana juyawa na 'yan daƙiƙoƙi tare da kiɗa, ya ƙare ya sake farowa. Sai suka yanke hukunci cewa faifan ya mutu. Ita dai ta ƙi yarda a jefar.

Faifan lafiyarsa ƙalau. Walimar tana ciki, sa'a ɗaya da minti 40, babu abin da ya taɓa ta. Manhajar da ke kunna shi ce ta tsaya a zaure ta kasa gane ƙofar shiga cikin gida. Da na nuna mata ƙofar, cikin ƙasa da minti biyu sai ga marigayin zaune a kan darduma yana gaisawa da baƙi.

Irin wannan faifai ba a gidanmu kaɗai yake ba. Fiye da shekara 10 faifan VCD da na DVD su ne rumbun ajiyar al'umma: finafinan Kannywood da ake saro su daga Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, tafsirin watan azumi, wa'azin malamai, bikin aure da na suna, naɗin sarauta, taron siyasa. Da kasuwar faifai ta faɗi, kallo ya koma waya da YouTube, wasu daga cikin waɗannan abubuwa sun samu wanda ya ɗora su a intanet. Masu yawa ba su samu ba, kuma bikin gidanku ba ya cikin waɗanda wani zai ɗora. Ga shi kuma na'urorin karanta su suna ƙarewa. Yawancin sababbin laftof ba su da ramin saka faifai. Kamfanin Microsoft ya cire damar kallon DVD daga Windows tun fitowar Windows 8 a 2012, ya mayar da ita abin da ake saya daban. Abin da ya rage wa mai tsohon faifai a yau shi ne na'urar karanta faifai ta waje da ake jonawa ta USB, da kuma buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda ake rabawa kyauta kuma kowa ke da izinin duba yadda aka rubuta su ya gyara.

Mafi shahara a cikinsu ita ce VLC, mai tambarin mazubin nan ruwan lemo da ake jerawa a kan titi. Ɗaliban makarantar injiniyoyi ta École Centrale Paris a Faransa ne suka fara aikin a 1996, aka sake ta ga duniya a matsayin buɗaɗɗiyar manhaja a watan Fabrairun 2001, kuma ƙungiyar VideoLAN, wadda ba ta neman riba, ita ke kula da ita. Akwai MPlayer da aka fara a ƙasar Hangari a 2000, da jikarta mpv, da Kodi, sai HandBrake wadda aikinta juya faifai ya koma fayil. Wani abu da masu amfani da su ba su cika lura da shi ba shi ne, a batun DVD kusan dukkansu daga rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa. Wasu ƙananan manhajoji biyu ne, libdvdread da libdvdnav, suke yi masu aikin karanta faifan da bin tsarinsa. Saboda haka idan manhajoji uku suka tsaya cak a wuri ɗaya, sauko da ta huɗu ɓata data ne. Matsalar tana jikin faifan ko a na'urar da ke karanta shi.

Abin da ke cikin faifan

Mutane da yawa suna ɗaukar DVD kamar kaset ɗin bidiyo na da, wanda ake sakawa ya fara daga farko ya tafi har ƙarshe. Ba haka yake ba. DVD ya fi kama da gida mai ɗakuna da yawa, da ɗan jagora a bakin ƙofa wanda ke faɗa wa na'ura inda za ta fara da inda za ta nufa bayan nan. Idan aka buɗe faifan a kwamfuta kamar yadda ake buɗe filashi, za a ga jaka mai suna VIDEO_TS, a cikinta kuma fayiloli iri uku. Masu ƙarewa da VOB su ne ainihin hoto da sauti, kuma ƙa'idar DVD ba ta yarda ɗayansu ya wuce gigabayit 1 ba, shi ya sa ake yanka fim ɗaya gida huɗu ko biyar. Masu ƙarewa da IFO ƙanana ne ƙwarai, amma su ne taswirar: su ke faɗin inda kowane abu ya fara, inda ya ƙare, harsunan da ke ciki, da abin da zai faru idan aka danna wani maɓalli. Masu ƙarewa da BUP kuwa kwafin IFO ne, an ajiye su a wani ɓangare na faifan don ko da na asalin ya karce.

Wannan taswira ta raba abin da ke cikin faifan zuwa manyan kaso, waɗanda manhaja ke rubuta wa "Title". A nan ne ake yawan ruɗewa, domin mai ɗan Turanci zai zaci sunan fim ake nufi. Ba shi ba ne. Kalmar a nan tana nufin abu guda cikakke da za a iya kunnawa daga farkonsa zuwa ƙarshensa, don haka bari mu kira shi kundi. Kowane kundi kuma an yanka shi babi-babi, abin da ake rubuta wa "Chapter". Faifai ɗaya yana iya ɗaukar kundi har 99. Tambarin kamfani kundi ne. Gargaɗin hana satar fasaha kundi ne. Tallar fim mai zuwa kundi ne, kuma duk wanda ya sayi faifan fim ɗin Hausa a wancan zamani ya san yadda tallace-tallacen nan suke cinye lokaci kafin a kai ga abin da aka saya. Shi kansa fim ɗin kundi ɗaya ne a cikinsu, kuma babu dokar da ta ce shi ne zai zama na farko.

A faifan gwaggona kundi huɗu ne. Na farko tambarin mai hoto, na biyu jerin hotuna marasa motsi, na uku gutsure ne na daƙiƙa ɗaya wanda babu komai a cikinsa, na huɗu shi ne walimar. Wanda ya haɗa faifan ya tsara cewa bayan tambari a tafi shafin zaɓi, inda mai kallo zai danna rimot ya shiga. Ga dukkan alamu umarnin da ya rubuta bai cika daidai ba. Tsohuwar na'urar gidan tana wucewa da shi haka nan, ita kuwa manhajar kwamfuta ta bi abin da aka rubuta, ta riƙa komawa inda ta fito.

Yadda ake tsallake jagora

Gyaran ba shi da wuya. A VLC, maimakon barin faifan ya kunna kansa, sai a shiga "Media" a zaɓi "Open Disc", ko a danna Ctrl da D tare. Akwatin da zai buɗe yana da zaɓi huɗu: DVD, Blu-ray, Audio CD da SVCD/VCD. A gefensu akwai wani ɗan gurbi da aka rubuta wa "No disc menus". Wannan gurbi shi ne mafi amfani a shafin gaba ɗaya. Idan aka sa masa alama, VLC za ta daina sauraron jagoran faifan, ta tafi kai tsaye ga kundin da aka ce mata. A ƙasa kaɗan akwai wurin rubuta lambar kundi da ta babi. A fara da 1, idan ba shi ba ne a gwada 2, a ci gaba.

Ba dole sai an yi ta canki-canka ba. Da zarar wani abu ya fara fitowa a allo, ko da tambarin nan ne mai juyawa, a shiga "Playback" a leƙa "Title". Jerin kundayen zai bayyana, galibi da tsawon kowanne a gefensa. Wanda ya kai sa'a ɗaya da rabi a tsakanin masu minti biyu da minti uku ba ya buƙatar a gabatar da shi. Masu son aiki da maɓallan rubutu suna iya danna Shift da B su tsallaka kundi na gaba, Shift da O su koma na baya, Shift da N ko Shift da P su yi gaba ko baya a babi, Shift da M kuma ya mayar da su shafin zaɓi.

Akwai wata ɗabi'a ta VLC da ya kamata a sani. An saita ta ne ta riƙa ƙoƙarin tsallake gargaɗi da tallace-tallacen farko ta faɗa shafin zaɓi kai tsaye. A faifan da aka haɗa da kyau wannan alheri ne. A wanda aka haɗa da gaggawa a shagon bayan kasuwa, tsallakewar tana iya sa manhajar ta rasa wani umarni da faifan ke bayarwa tun a farko, sai allo ya yi baƙi ya zauna haka. Ana kashe wannan saiti a cikin cikakken jerin saituttukan manhajar, ƙarƙashin sashen DVD mai shafin zaɓi, inda aka rubuta "Start directly in menu".

Ita mpv ba ta ma san da shafin zaɓi ba. Idan aka ba ta umarnin mpv dvd:// ba tare da lamba ba, sai ta auna kundayen ta ɗauki mafi tsawo. Sau da yawa wannan shi ne daidai, kuma da ita yaran suka fara gwadawa da ba su ce faifan ya mutu ba. Sai dai mai sauyawa tsakanin manhajoji ya kiyaye abu ɗaya: mpv daga sifili take fara ƙirga, don haka kundin da VLC ta kira na 4, a wurinta na 3 ne. Na ga wanda wannan ɗan bambanci ya cinye wa rabin dare. Masu amfani da Linux suna da wata ƙaramar manhaja, lsdvd, wadda ke jero kundaye duka da tsawonsu da yawan babinsu a shafi ɗaya, ba tare da ta kunna komai ba. HandBrake ma tana yin wannan lissafi idan aka nuna mata faifai, ko da ba a da niyyar juya shi.

Dokar "mafi tsawo shi ne fim" tana da inda take karyewa, kuma wuraren ba kaɗan ba ne. A faifan shiri mai dogon zango, mafi tsawo yakan zama kundin da ya haɗe dukkan kashi-kashin a jere, alhali kowane kashi yana da nasa kundin daban. A faifan nan masu fim 10 ko 20 a ciki, waɗanda suka cika kasuwanninmu a wani lokaci, kowane fim kundi ne, kuma shafin zaɓinsu shi ne abin da ya fi saurin ƙin aiki a kwamfuta, don haka lambar kundi ce kaɗai hanyar isa ga fim na bakwai. Sannan akwai ruɗu na ganganci. Wasu manyan kamfanonin finafinai na Amurka sun riƙa cika faifansu da kundaye har 99, da yawa daga cikinsu tsawonsu ɗaya da na fim ɗin, amma an hargitsa jerin fitowar da ke ciki ko an tura su ga gurɓatattun wurare a jikin faifan. Manufar ita ce a rikita masu kwafa. Wanda abin ya fi shafa shi ne mutumin da ya sayi faifan da kuɗinsa yana son kallo a laftof, ya ga jarumi ya mutu kafin a haife shi. A irin wannan faifai shawarar da ta gabata juyewa take yi: a bar jagora ya yi aikinsa. A kunna da shafin zaɓi, a danna fara kallo, idan fim ya kankama sai a leƙa jerin kundaye a ga wanne ne ke da alama. Wannan lambar ita ce ta gaskiya, a rubuta ta a bayan kwalin.

Idan duk wannan ya faskara, akwai hanyar ƙarshe, wato buɗe fayilolin VOB ɗaya bayan ɗaya, a fara da manya. Hoto zai fito, amma ba tare da taswira ba: agogon manhaja zai riƙa faɗin lokacin da ba shi ba ne, jan fim gaba zai riƙa tsalle, rubutun fassara na ƙasan allo yana iya fitowa da launin da ba ya karantuwa, domin bayanin launinsa a cikin IFO yake. Kafin a kai ga haka, idan ana zargin taswirar ce ta lalace, a kwafe jakar VIDEO_TS gaba ɗaya zuwa kwamfuta, a ɗauki fayil ɗin BUP mai suna iri ɗaya da wanda ya lalace, a sauya ƙarshen sunansa ya koma IFO. Don wannan ranar aka ajiye shi.

Ba kowane faifai ne DVD ba

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne kiran kowane faifai mai sheƙi DVD. Kaso mai yawa na tsofaffin finafinan Hausa a kan VCD suka fito, tsarin da aka ƙaddamar a 1993, wanda ke ɗaukar kimanin minti 74 zuwa 80 a faifai ɗaya. Idan aka bar zaɓin VLC a kan DVD alhali VCD ne a ciki, za ta ce ba ta iya buɗewa, kuma gaskiya ta faɗa. Ana gane VCD da jakar MPEGAV, wadda a cikinta ake samun fayiloli irin AVSEQ01.DAT da AVSEQ02.DAT. Na farkon sau da yawa talla ce; mafi girma shi ne fim. A Windows ana iya jawo fayil ɗin a jefa shi cikin VLC ya kunnu. Akwai kuma faifan da ba bidiyo ba ne a tsarinsa, ma'aji ne kawai da aka zuba wa fayilolin AVI ko MP4. Shi wannan ba ya buƙatar "Open Disc" ko kaɗan, buɗe jaka ake yi a zaɓi fayil.

Kulle da shiyya

Idan faifan na asali ne daga waje, kuma hoton ya fito a farfashe kamar an watsa tsakuwa, ko kuma sauti na tafiya allo ya koma kore, to ana maganar kulle ne. Tun 1996 masu DVD suka sa wa faifan kasuwa wani kulle mai suna CSS. Bai yi ƙarko ba. A 1999 aka fitar da manhajar DeCSS mai buɗe shi, kuma cikin waɗanda suka rubuta ta akwai wani yaro ɗan ƙasar Nowe mai shekara 15, Jon Lech Johansen, wanda aka gurfanar a kotu, aka wanke shi a 2003, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a ƙarshen shekarar. A yau aikin buɗe wannan kulle yana hannun libdvdcss ta VideoLAN. VLC ta Windows da ta Mac suna zuwa da ita a ciki. A Ubuntu da Debian sai an girka ta daban ta hanyar libdvd-pkg, kuma rashin yin haka shi ne babban dalilin da ke sa sabon mai amfani da Linux ya ce DVD ba ya aiki. Manhajar tana ajiye makullan da ta samo a wata jaka mai suna dvdcss. Idan ta taɓa ajiye makulli na kuskure, za ta yi ta maimaita shi har sai an share jakar.

Shiyya wani abu ne daban. An raba duniya gida shida: Amurka da Kanada shiyya ta 1, Turai, Japan, Gabas ta Tsakiya, Masar da Afirka ta Kudu ta 2, Chana ta 6, Nijeriya da yawancin Afirka suna ta 5 tare da Indiya da Rasha. Ke nan faifan asali da alhaji ya sayo a Saudiyya ko Dubai yana iya zama na shiyya ta 2, wanda ɗalibi ya aiko daga Amurka kuma na 1. Na'urar karanta faifai tana riƙe da lambar shiyyarta a jikinta, kuma sau biyar kacal take yarda a sauya. Wanda aka zaɓa na ƙarshe shi zai zauna, ko an sake girka Windows, ko an mayar da na'urar kan wata kwamfutar. Shawarata ita ce kada a taɓa wannan saiti sai an gwada VLC tukuna, domin a na'urori da yawa tana karanta faifan ba tare da ta tambayi shiyya ba. Sabuwar na'urar da ba a taɓa sa mata shiyya ba kuwa wani lokaci takan ƙi buɗe faifai mai kulle sai an zaɓa mata ɗaya.

Faifan biki da na wa'azi da aka buga a shago ba sa ɗauke da wannan kulle, domin faifan DVD-R da ake sayarwa a kasuwa ba shi da wurin rubuta makullin. Duk wanda ya ce matsalar faifan aurenka kulle ne, bai duba ba. A ɗaya ɓangaren kuma, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta yi tanadi a kan karya kullen fasaha da ke kare ayyukan mutane. Adana bikin gidanku wani abu ne, kwafar fim ɗin wani a raba a gari wani abu ne daban, kuma 'yan fim ɗin Kano sun san abin da na biyun ya yi wa sana'arsu. Blu-ray kuwa kullensa ya fi tsauri, VLC ba ta zuwa da makullansa, shafukan zaɓinsa da yawa kuma sai da Java suke aiki. Bai taɓa yin kasuwa a nan ba, don haka mu wuce.

In laifin ƙarfe ne

Kafin a zargi manhaja, a kasa kunne. Na'urar USB da ke ɗaukar gudu ta tsaya, ta yi ƙas-ƙas ta sake ɗauka, sau da yawa wuta ce ba ta ishe ta ba. Ramin USB na tsohon tsari milli-amfiya 500 yake bayarwa, juya faifai kuma yakan nemi fiye da haka, shi ya sa wasu na'urorin ke zuwa da waya mai kai biyu. A jona kan biyun duka, a guji mahaɗar USB marar wutar kanta, a kuma sa laftof a caji. Ƙurar hunturu ma tana kwanciya a kan idon na'urar. Gwajin da ke raba gardama shi ne saka wani faifan da aka tabbatar yana aiki.

Shi kansa faifan ana goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, domin karcewar da ta bi layin rubutun ta fi wadda ta ratsa shi ɓarna. Akwai bambanci tsakanin faifan biyu da ya kamata a sani. A DVD, bayanan suna tsakiyar roba biyu da aka manne, kowace kaurinta milimita 0.6. A CD da VCD kuwa suna dab da fuskar da ake rubutu a kai, fenti ne kawai ya rufe su. Wanda ya danna biro ya rubuta sunan amarya da ango a kan VCD yana iya zama shi ne ya kashe shi da hannunsa. Idan aka ɗaga faifai ga haske aka ga ƙananan huji, abin da ke wurin ya tafi. Faifan DVD-R kuma da rini ake rubuta shi, zafi da hasken rana suna cin rinin a hankali. Fim ɗin da kullum yake sandarewa a wajen tsakiyarsa, mai yiwuwa faifai ne mai hawa biyu, mai ɗaukar gigabayit 8.5 maimakon 4.7, kuma tsohuwar na'ura ce ke kasa sauya hawa.

Matsalolin hoto ƙanana ne. Layukan da ke fitowa kamar haƙoran matsefi idan mutum ya motsa, danna D a VLC yana gyara su. Idan mutane sun yi tsawo ko sun yi faɗi, A na sauya yanayin allo. B na sauya harshen sauti, V na sauya rubutun fassara. Bambancin PAL da muke amfani da shi da NTSC na Amurka, wanda yakan sa tsofaffin talabijin su nuna hoto babu launi, ba ya damun kwamfuta. In kuma an rasa gane komai, Ctrl da M suna buɗe shafin da VLC ke rubuta abin da take fuskanta. A ɗaga lambar bayanin zuwa 2, a sake kunna faifan, a nemi layukan da ke ambaton dvdnav, dvdread ko dvdcss. Ko ba a fahimci sauran ba, sunan da ya fi yawan fitowa yana nuna inda ciwon yake.

Da walimar ta fito, ban tsaya kallo ba. Faifan da ya buɗu yau babu tabbacin zai buɗu baɗi, don haka na fara kwafe shi gaba ɗayansa ya zama fayil ɗin ISO, wanda VLC ke buɗewa kamar faifan ne da kansa. Ga DVD mai karce, manhajar ddrescue ta GNU ita ce gwana: tana kwashe wuraren da ke karantuwa tukuna, ta rubuta inda ta tsallake, sannan ta dawo ta yi ta gwada masu wuyar, har ma ana iya ƙarasa aikin da wata na'urar daban. Bayan nan ne na juya kundi na 4 da HandBrake ya koma MP4 don a iya kallo a waya. A ganina kuskure ne a ajiye MP4 kaɗai, domin juyawa tana rage wani abu daga ingancin hoton, kuma abin da ta rage ba ya dawowa.

Da na mayar wa gwaggo da faifanta tare da filashi, sai ta shiga ɗaki ta fito da wani, ƙarami mai faɗin santimita 8, irin wanda ake sakawa a cikin kyamarar bidiyo. Na saka shi, Windows ta ce babu komai a ciki, ta kuma tambaye ni ko ina so ta shirya shi don sabon rubutu. Duk wanda ya ga wannan tambaya a kan faifan da ya san an yi ɗauka a kansa, ya ce a'a. Na juya bayan faifan na ga zoben da ya fi sauran duhu, alamar an rubuta wani abu. Abin da ya faru shi ne mai kyamarar bai rufe faifan ba. Kyamarori da na'urorin naɗar DVD ba sa rubuta taswirar ƙarshe sai an ba su umarnin rufewa, kuma kafin a yi haka, galibi na'urar da ta yi ɗaukar ko irinta ce kaɗai ke gane abin da ke ciki. A nan babu lambar kundin da za a rubuta wa VLC, domin ba a kai ga rubuta jerin kundayen ba.

Gwaggo ta ce tana jin ranar da maigidan ya dawo daga aikin Hajji ne aka ɗauka. Mai kyamarar ya bar garin da daɗewa. Faifan yana cikin durowata a ofis, na kuma bar saƙo wurin masu gyaran kayan lantarki biyu cewa idan tsohuwar kyamara mai cin ƙaramin faifai ta shigo hannunsu, su neme ni.